Shanun da Suka Tare Wa Baba Hanya

Ranar da jirgin ƙasa ya kwashi bayan motar babanmu, ni ce ta ƙarshe da ta isa wurin, don daga Tumfure na taso a keke mai tsayawa ko'ina. Na tarar da tsohuwar Fijo a gefen dogo ta lanƙwashe kamar gwangwanin madara, Baba kuma yana zaune kan dutse da hularsa a hannu. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sai da na taɓa shi na yarda.

A lokacin jirgi kan yi watanni bai biyo ta Gombe ba, har ciyawa ta rufe ƙarfen. Mashigar da titi ya ƙetare dogo ba ƙofa, ba mai tuta. Direban jirgin ya rantse ya yi ta danna hon tun daga nesa. Baba ya ce ai ya ji. Shanu ne suka cika titi a gabansa yana kan dogo, babbar mota kuma ta toshe bayansa, shi ne ya fito da ƙafa. To, kafin 'yan sanda su zo shanu sun yi gaba, mai babbar motar ma ya arce.

Yayanmu, babban ɗan gidan, ya ja ni gefe a ofishin 'yan sanda. "Mu ce kunnensa ne ya yi nauyi. Za su tausaya wa tsoho, su karɓe lasin kawai, magana ta mutu."

"Haba Yaya! Mutumin da ke jin raɗarmu daga soro?"

"Ke dai ba ki san shari'a ba."

Na sani, ban sani ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Baba ya ji mu sarai, ya sunkuyar da kai. Motar ba ta dame shi ba. Abin da ya karya shi, ɗansa na cikinsa ya ɗauka tsufa ya fara sa shi ƙirƙirar shanu.

Washegari muna zaune gaban jami'in da ke binciken, sai ga wani dattijon Bafillace da sandarsa a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Babu wanda ya aika masa. Ya ce shanun nasa ne. Da Hausarsa mai gauraye da Fillanci ya nuna Baba ya ce wannan tsohon ne ya fara jin jirgi, ya fito yana ihu, ya kore masa maruƙa daga kan ƙarfe kafin ya tsallake da kansa.

Jami'in ya ce, "Baffa, ka san za a iya ɗora maka wani ɓangare na laifin?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma da na kwana da abin a raina, na kasa shan nono."

Wallahi sai da na yi hawaye. An raba laifin: Baffa bai tsayar da garkensa ba, Baba ya hau dogo bai ga mafita ba, mashigar kuma an bar ta ba tsaro. Baba ya amsa nasa ba musu, aka miƙo masa lasinsa. Baffa ya ƙi ko ruwanmu, wai shanu na jira. Har yau ina sa shi a addu'a, ko sunansa ban sani ba.

Da muka koma gida, Yaya ya tsaya bayan labulen ɗakin Baba, ya ce min can ƙasa-ƙasa, "Ban san da bakin da zan ba shi haƙuri ba."

Daga ciki Baba ya ce, "Na ji ka. Shigo."