Yawun Baffa

Yayana ne ya jawo mana wannan rigima, yana can Kanada yana karatun da ya ƙi ƙarewa. Ya shiga intanet ya ci karo da masu sunan gida irin namu, wani a Sakkwato, wani a Kumasi, suna binciken ko kaka ɗaya ya haife su. Hanyar kuwa ita ce namiji ya goga wani tsinke mai auduga cikin kumatunsa, a aika wa Turawa, su duba wani abu da uba ke gadar wa ɗansa namiji ba ya canzawa. Yayana ya goga nasa, ya dace da nasu. Daɗi ya kwashe shi, ya aiko da tsinke guda ta gidan waya na Ƙonni, ya ce a ba Baffa, yayan babanmu, tunda shi ne babba.

Ni aka ɗora wa aikin, don ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, zan iya karanta takardar bayani. Na tambaya ko ni ma yawuna zai yi, aka ce mata ba su da abin. Wato in karanta, in hau kabu-kabu, in sha rana, amma asali na maza ne. Abin ya ba ni haushi, har yau ma yana ba ni.

Baffa kuwa ba ya gajiya da sunan gidanmu. A kowane suna da ɗaurin aure a Tajaye shi ke jero kakanni har ya kai ga wanda ya fara saran daji. Ya taɓa tsare wani ɗan duwan, wato kwastan, a kan iyaka da tarihinmu, har mutumin ya roƙe shi ya wuce da buhunansa don Allah.

Da na kai labari gida, Gwaggo, ƙanwar su Baffa da babana, ta ja ni ɗaki ta tura ƙyaure.

"Wanga tsinke, shina gane wanda ba ɗan gida ba?"

Na ce aikinsa ke nan.

Ta zauna bakin gado, ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Baffa ba kakanmu ya haife shi ba. A wata shekarar yunwa wata baƙuwa ta sauka gidan da jariri, ta rasu ba a san garinta ba. Kakarmu, da ɗanta na fari bai daɗe da komawa ba, ta shayar da shi, kakanmu ya ce ɗansa ne. Ƙannensa duk sun sani, sun kama bakinsu, shi kaɗai bai sani ba. Yanzu wani inji da bai san kara ba zai gaya masa, ya gaya wa Sakkwato da Kumasi.

Gwaggo ta shiga dabaru. Ta sa babana ya sha fura ya rage, ta kai wa Baffa da ludayin, wai yawu ya gauraya. Na ce ba haka abin yake ba. Ta ce to a cika masa baki da goro, injin ya ga ja ya rikice. Na ce takarda ta hana goro kafin gwaji.

"Ke karatunki bai iya komi ba sai hani," in ji ta.

Ni tawa dabarar ita ce in ba babana ya goga a ɓoye. Amma Baffa ya karɓe ambulan ɗin tun ranar da na kawo, ya sa a aljihun gaba, ko masallaci da shi yake zuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara maza a zaure. Ina tsugune bakin ƙofa ina karanto ƙa'ida, Gwaggo na bayan zana tana salati ƙasa-ƙasa. Baffa ya yi bisimilla, ya goga tsinken dama da hagu kamar mai asuwaki. Na miƙa hannu in karɓa, sai ya miƙa wa babana.

Na ce, "Baffa, mutum ɗaya ke gogawa."

"A gidan ga? Yaushe aka taɓa kawo abu babba ya ci shi kaɗai, ƙanne na kallo?"

Babana ya goga, ya ba na kusa da shi. Tsinke ya bi ƙanne, ya bi surukai, ya kai ga Bafulatanin da ke kiwon shanunmu, wanda dusa kawai ya zo karɓa. Wani jandarma ɗan gabas da ya fake wa rana a zauren ya ce shi baƙo ne, Baffa ya ce ba a tsallake baƙo. Ya goga yana yatsine fuska. Malamar da ke cikina ta motsa, na manta da komai, na ce wallahi an lalata gwajin nan. Sai na ji hannun Gwaggo ya ratso zana ya mintsine ni a cinya. Na haɗiye sauran maganata, na liƙe ambulan.

Bayan damina yayana ya kira salular babana, ransa a ɓace. Wai Turawan sun ce sun sami maza da yawa cikin baki ɗaya, abin ba ya karantuwa, zai aiko da wani tsinken. Baffa ya karɓi wayar ya ɗaga murya, yadda yake yi idan kiran daga nesa ne.

"Ka hwaɗa musu daidai suka karanta. Kada ka ƙara aiko komi, mun gama."

Ranar Gwaggo ta yanka zakara, ba suna ba biki.

Washegari Baffa ya rako ni bakin hanya in tari motar Malbaza. Ina ta yi masa tsiya, ina cewa shi da kimiyya sai gaisuwa daga nesa. Ya yi dariya, ya bari motocin siminti suka wuce, sannan ya ce, "Ɗiyata, ke da gwaggonki kun sha wuya. Inna, kakarki, ta hwaɗa mini komi tun ranar da zan yi auren farko."

Kunya da tausayi suka kama ni lokaci ɗaya.

"Kada ki bari su ji na sani. Tun suna samari suke riƙe mini abin ga, ko cikin hwaɗa ba wanda ya taɓa goranta mini. In sun ji, sai su ga kamar wahalar banza suka yi."

Na yi masa alkawari, na kuma riƙe har aka kai shi makwancinsa. Gwaggo ta bi bayansa ba da daɗewa ba, tana ganin ita ce ta rufa masa asiri.