Kujerar da ke Gaban Teburin Anti Doka

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, babbar 'yarki ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Shekara goma sha huɗu kina kula da sha'anin ma'aikata a maɗaba'ata, har aka manta sunanki na yanka, sai dai Anti Doka.

Na ɗauke ki ne don ki tsara mini fayiloli, sai kika ɓuge da tsara ni. Ni mutum ne mai saurin hawa, kafin zuwanki nakan kori ma'aikaci da baki tun shayina bai huce ba. Ke kika sa kowa ya samu takardar ɗaukar aiki mai fayyace aikinsa da awoyinsa da hutunsa. Ke kika tsaya kai da fata har mai ɗinkin littattafai ta je hutun haihuwa, ta dawo ta tarar da gurbinta. Ina ta mita, kina ta rubutunki.

Amma abin da ya fi haɗa mu faɗa ita ce kujerar robar da ke gaban teburinki. Ba a sallamar kowa sai an gargaɗe shi a rubuce, sannan ya zauna a kanta an ji ta bakinsa. Kikan ce, "Yallaɓai, doka ba ta hana ka kora ba. Cewa ta yi ka fara saurara."

A watan jiya mai yankan takarda, dattijon da ya riga ki zuwa, ya ɓata aiki sau uku, yankan duk a karkace. Na rubuta takardar sallama. Kika jefa ta a durowa, kika sa ranar Alhamis za a saurare shi. Ba ki kai Alhamis ɗin ba.

Ba zan ɓoye miki ba, da na dawo daga gaisuwa niyyata in sa hannu kawai a wuce wurin. Na buɗe fayil ɗinsa, sai ga rubutunki da fensir a gefe: "Yana kai takarda dab da fuskarsa. A tambaye shi idonsa." Kunya ta lulluɓe ni. Na kira shi, na nuna masa kujerar.

Ya zauna, sannan ya ce, "Yallaɓai, wata biyar ke nan layi na rabuwa biyu a idona. Tsoro ya hana ni faɗa, ina da iyali."

Wata biyar yana tsaye gaban wuƙar inji da ido ɗaya da rabi, ni kuwa takardar da ta lalace nake wa kuka. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce yanar ido ce, za a cire. Na mayar da shi sito har ya warke, na yaga takardar sallamar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki, Allah Ya ba su haƙuri. Ma'aikata sun roƙa kada a ɗauke kujerar, kuma tana nan. Ya Allah, baiwarKa ba ta taɓa yanke wa kowa hukunci ba ta ji uzurinsa ba. Ka karɓi nata uzurin, Ka gafarta mata, Ka sa Aljanna ce makomarta. Amin.