Ranar da Wuta ta Mutu a Tungarmu

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na fara azumi, muka wayi gari babu hayaƙi ko ɗaya a garinmu. Gari nake cewa don baki ya saba, amma gidajen ba su kai goma ba. Kakan kakanmu maƙeri ne, shi ya sare dajin ya kafa bukka saboda tamar ƙarfe da ke gindin dutse, 'yan'uwansa suka biyo shi da awakinsu, aka yi Tungar Maƙeri. Ashana sai ranar kasuwa, ita ma ba kowa ke saye ba. Mu yara aikinmu na farko kullum ɗibar wuta ne: ki ɗauki fasasshen kasko ki leƙa gidan da ya riga hurawa, ki gaishe su, ki tsinci labari a hanya. In kowa ya rasa, akwai maƙerar Baba Audu, wadda ake cewa tun kafuwar garin garwashinta bai taɓa mutuwa ba.

To, ruwan da aka kwana ana yi ya rusa rufin maƙerar, ya cika kowane murhu. Ga yayata Hajo ta haihu, tana gidanmu wankan jego. Babu ruwan zafi, babu kunun kanwa, tana ta karkarwa cikin zani biyu, jaririn kuma sai kuka. Maza duk sun fita tare gonakin da ruwa ya ɓalle. Kakata Iya ta dube ni ta ce, "Ke Ladi, yau dai ƙafarki ta yi aikin da bakinki ya saba. Ruga za ki."

Rugar Fulanin tana hayin rafi, rafin da muke wanki da wasan 'yar tsana a bakinsa, ranar kuwa ruwan ya kai mini ƙirji. Yafendo mai kawo mana nono ta zuba mini garwashi a kasko, ta ɗora busasshen kashin shanu don ya riƙe wutar, ta yayyafa toka, ta kife da faifai. A dawowa aka fara yayyafi. Na ɗora kaskon a ka bisa gammo, zafi na cin tsakar kaina, laka na jan ƙafata, na zame har ruwa ya shiga bakina, amma ban saki ba. Da na isa gida Iya ta ɗaga faifan, sai toka fara fat. Na fashe da kuka. Ba ta kula ni ba, ta yagi tsumma ta haɗa da ciyawar jinka, ta durƙusa tana hurawa a hankali, har wani siririn hayaƙi ya tashi. Kafin tukunyar Hajo ta tafasa, matan gari sun yi layi da kaskonsu. Baba Audu ne ya zo ƙarshe, yana sosa ƙeya. Iya ta miƙa masa ta ce, "Ungo wutar kakanka, yawo ta je ruga ta dawo." Mu kuwa ba mu fasa gaya wa baƙi cewa ba ta taɓa mutuwa ba.

Yanzu ina Riyadh, a wani bene a unguwar Malaz, maigida yana tuƙa wata likita Baturiya 'yar ƙasar Wales. Da ta zo mana barka da Sallah ta nuna mini hoton ƙauyensu a waya: 'yan gidajen dutse, tumaki sun fi mutane yawa, makarantar an rufe. Na ce wa maigida ya gaya mata namu ma haka, kowa ya koma bakin titi, maƙerar ta zama gonar kuɓewa. Nan gas ne, murɗawa kawai nake yi, in ya ƙare yaron bakala, wato kantin unguwa, ya hawo da wani. Ban taɓa rasa wuta a gidan nan ba, ban kuma san sunan maƙwabciyata ba.