Ɗigon Madara a Farcen Adda

Yau shekara goma sha huɗu da rasuwar yayata, Adda Hurera, kuma ina so in shaida wa masu karatu, ba da wasa ba, cewa ba a taɓa yin ɗakin gwaji a ƙasar Kazaure da ya kai farcen babban yatsanta na hagu ba. Na yi shekara talatin ina koyar da kimiyya a sakandare. Na ga ɗakunan gwaji iri-iri, har da wanda awaki suka mayar wurin hutawa. Babu wanda ya kama ƙafar farcen nan.

A rugarmu ta bayan Gwiwa, idan an gama tatsa da safe, Adda takan tsoma tsinke a kowace ƙwarya, ta ɗiga madara a farce, ta karkata shi wajen rana, ta shinshina. Sai ta yanke hukunci: "A ware jar saniyar can." Ka duba saniya, ka gan ta tana cin ciyawa hankali kwance. Bayan kwana biyu hantsarta ta kumbura. Na taɓa ce mata wannan camfi ne. Ba ta ko ɗago kai ba.

"To Malam, kai da ka yi karatu, je ka tambayi saniyar da Turanci."

Ta haura arba'in, haihuwa ta daɗe da tsaya mata, sai cikinta ya fara tasowa. Loma uku ta ƙoshi. Matan ruga suka tuna wani ciki da ta taɓa samu shekarun baya ya ɓace, suka ce kwantaccen ciki ne ya farka. Aka fara yi mata barka a ɓoye, har wata gwaggonmu ta soma tanadin kayan yaji. Na yi musu dariya, domin babu cikin da ke barci a littafin da nake koyarwa. Sannan na ba da tawa fatawar: iska ce, wake ne ya yi yawa. Na sayo mata maganin kumburin ciki a kemis a Kazaure. Su sun yi kuskure da al'ada, ni na yi nawa da takardar shaida, kuma nawa aka fi yarda da shi.

Lokacin da muka kai ta Kano, likita ya ce sankara ce a ma'ajiyar ƙwan haihuwa, kuma ta riga ta yaɗu. A mota, muna dawowa, ta ce da ni, "Na san ba ɗa ba ne. Ɗa yana motsi." Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta dubi farcenta.

"Da ana tatsar mutum a ɗiga a nan, da tuni na faɗa muku."

Abin da ya sa maganar nan ta dawo mini bana shi ne 'yarta Safiya, wadda ke koyarwa a Roni. Bara ta fara jin abin da uwarta ta ji. Ba ta nemi fatawar kawunta ba, Allah ya yi mata albarka. An yi mata tiyata, an yi mata ƙarin ruwan magani, yanzu kuma duk bayan 'yan watanni nakan raka ta Kano a ɗebi jininta, a ga ko cutar na shirin dawowa. Gwajin da ake yi mata yana da amfani, amma likitarta ba ta ɓoye mana ba: wani lokaci yakan ta da hankali a banza, wani lokaci ya yi shiru alhali akwai magana.

Ita likitar ce ta fara ambata mini maikro-RNA, da ta ji na koyar da kimiyya. Na koma gida na karanta, na sake karantawa, na cire tabarau na ajiye. Ashe ƙwayoyin halittar jikinmu suna sakin wasu 'yan zarurruka cikin jini, ƙanana ƙwarai, kamar 'yan takardun da ɗalibai ke miƙa wa juna a ƙarƙashin benci. Ƙwayar sankara ma tana rubuta nata, kuma rubutun hannunta daban ne. Duk malamin da ya taɓa kama takardar da ba a sa suna ba, ya gane mai ita, ya san abin da masu binciken ke nema. Suna fatan daga 'yar kwalbar jini su karanta ko magani yana ci, ko cutar ta fara waiwayowa, ko wace mace ce ke buƙatar a fi sa mata ido, tun kafin ciki ya taso, tun kafin wani kawu ya ce wake ne. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sa jiki yana ba da labarin kansa tun ran da ya halicce shi. Mu ne ba mu iya karatun ba. Duk watannin da nake kai wa Adda maganin iska, wasiƙun nan suna zagayawa a jijiyar hannun da take karɓa da shi.

Na tambayi likitar yaushe za a yi wa Safiya wannan gwajin. Ta ce, "Baba, har yanzu bincike ake yi. Bai iso asibiti ba tukuna."

Me Adda za ta ce da ta ji an gano cewa ɗigo yana faɗin abin da jiki ya ɓoye? Ina jin za ta ce, "Sai yanzu?" Sannan ta nemi a ba ta kwalbar ta karkata wajen rana.

Shanunta sun watse, rugar ta zama gonar gero. Na ɗauka babu abin da ya rage sai kabari da addu'a, Allah ya jiƙanta. Amma ranar Litinin da ta wuce, da safe, kafin mu hau mota zuwa ɗibar jini, Safiya tana haɗa mana shayi, sai na ga ta ɗiga madara a farcen hagu, ta karkata shi wajen taga, ta shinshina, ba ta ma san ta yi ba.

"Lafiya lau, Kawu," in ji ta.

Wallahi sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, ni da na kira abin camfi. Har muka kai Kano ina jin kamar Adda ce ta duba 'yarta ta sallame ta.

Madarar ta gwangwani ce. Sakamakon jinin sai ranar Alhamis.