Gyadar Bungudu da Yaya Hajo Ba Ta Taɓa Sayowa Ba

Bazarar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar yayata, Hajo mai ƙuli ta unguwar Damba a Gusau. Allah ya jiƙanta. Na so in zauna in rubuta yabonta cikin natsuwa kamar yadda mutanen kirki ke yi, sai ga shi na zo da kai a ɗaure, don abin da na gano bana ya sa ban san wace Hajon zan yaba ba.

Wadda na sani dai ba ta san zama ba. Tun muna yara ita ke suyar gyada, ta kai inji, ta dawo ta matse mai, ta mulmula tunkuza, ta jefa a kasko. Ni direba ne, hanyar Gusau zuwa Tsafe ta ci rabin rayuwata, kuma na rantse ko injin motata ya fi Yaya samun hutu, don shi aƙalla yakan lalace. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ke neman inuwar ɗan'uwansa, za ka same ta gaban murhu ta jiƙa tsumma ta ɗora a ka, tsumman na tururi kamar tukunyar dambu. In na ce mata ta sarara, sai ta harare ni ta ce, "Kai Bala, zomo na kamuwa daga zaune? Tashi ka miƙo min itace." Da haka ta ciyar da marayunta, da haka ta aurar da su.

'Yarta Rabi ce ta gaji kaskon. Hannu ɗaya, gishiri ɗaya, in ka rufe ido ka tauna ƙulinta sai ka waiga neman Yaya. To amma bara da zafi ya tsananta, sai Rabi ta fito da wani sabon salo. Wai ta ji a wata ƙungiyar mata masu sana'a da suke hira ta waya cewa akwai masu rage ranakun aiki a lokacin zafi don su huta. Ta yanke wa kanta: daga Laraba zuwa Juma'a ba a hura wuta, sauran ranakun kuma a kashe ta kafin azahar, har sai damina ta sauka. Ba ta ɓoye ba, ta faɗa wa kowa.

Jama'a, sai ka ce ta sayar da gidan gado. Dangi suka ce barewa ta yi gudu, 'yarta ko rarrafen ma ta ƙi yi. Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ne Malam Isiya mai tsire na Tsafe, wanda tun Rabi na goye yake sayen ƙulin gidan don haɗa yajinsa. Shi ne babban mai sayayyarta, in ya janye kusan rabin kaskon ya tafi. Ya tare ni a tasha ya ce, "Direba, ka yi wa ɗiyarka magana. Uwatta ko tana jinya ba ta taɓa maido ni da buhu wayam ba. In bana ma haka za a yi, masu ƙuli ba su ƙare ba a Gusau."

Ni ne kawu, magana ta faɗo kaina. Sai dai faɗa ba sana'ata ba ce, in na ɗaure fuska yara dariya suke yi. Na ce bari in nemo mai taya ni. Na tuna da Hajiya Kulu ta Bungudu, aminiyar Yaya tun ƙuruciya.

Dalilin da ya sa na tuna da ita shi ne wata ɗabi'ar Yaya. Duk bazara, sau ɗaya ko biyu a mako, takan bar kasko ta hau mota zuwa Bungudu wurin Hajiya Kulu, wai neman gyada mai mai, don a lokacin gyada ta yi wuya a kasuwa. Ta tafi da hantsi, ta dawo bayan la'asar, hannu rabbana. Mu tambaye ta, ta ce ba su daidaita ba. Na yi shekaru ina ba da labarinta a tasha, ina cewa yayata ce kaɗai mace a Zamfara da za ta yi wuni guda tana ciniki ta taso ba ta sayi ko ƙwaya ba. Ina alfahari da abin, har ƙari nake yi.

Na isa gidan Hajiya Kulu, muka gaisa, na zayyana mata laifin Rabi, na ce ta zo mu tuna wa yarinya irin wahalar da uwarta ta sha, har da zaryar neman gyada cikin rana. Tsohuwa ta dube ni, ta fashe da dariya har sai da ta riƙe ƙofa.

"Wace gyada? Bala, ka taɓa ganin na sai da gyada?"

Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna min gindin wani mangwaro. Ta ce nan Yaya ke shimfiɗa tabarma da ta iso, ta kwance ɗankwali, ta yi barci. Ta tashi ta yi azahar, ta sha fura, ta koma. Ba hira, ba ciniki. Ta ce wata rana ta tambaye ta me ya hana ta yin barcin a gidanta, sai Yaya ta ce, "A Damba in na kwanta da rana, kafin la'asar an ce Hajo ta karye."

Na dawo Gusau ina tuƙi ina magana ni kaɗai, har wani fasinja ya fara salati. Matar da ta hana ni zama, ashe mota take hawa ta je ta kwanta. To yanzu in da za ta leƙo ta ga murhunta a sanyaye ranar Laraba, me za ta ce? Rabin zuciyata na cewa za ta ɗauki muciya ta bi Rabi har garin Wonaka. Ɗaya rabin na cewa za ta ce, "Matsa min, 'yar nan," ta kwanta gefenta. Kunya ce ta sa ta ɓoye, ko kuwa ta san mutanenta fiye da yadda Rabi ta san su? Ga shi maganar Malam Isiya ta nuna tsoronta ba na banza ba ne. Kuma a bazara Yaya ta faɗi, hawan jini ya kwantar da ita. Kwana ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma jiki magayi, kuma nata ya daɗe yana faɗa, Hajiya Kulu kaɗai ke ji.

Ranar wata Alhamis na nufi Damba ban san hukuncin da zan yanke ba. A ƙofar gida na tarar da Malam Isiya da buhunsa, ya zo da gangan ranar da ba a aiki don ya ga ko za a tashi saboda shi. Na shiga. Rabi na kwance a inuwa, bakinta a buɗe, tana barcin da ko gurneti ba zai tashe ta ba. Na bar ta tana barcinta. Na fito.

"Tana ina?" in ji shi.

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe, don mu direbobi ba ma rasa ta. Sai na ji kaina na ce, "Barci take, Malam. Ka dawo Asabar."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa, ya naɗe buhu ya tafi. Bai dawo Asabar ba, har yau bai dawo ba. Na ji a Sabon Gari yake saye.

Da Rabi ta farka na faɗa mata abin da na yi mata, ina jiran kuka. Sai ta ce, "Allah ya ba shi mai ƙulin da ba ta gajiya, Kawu." Ta ɗauko min ruwa. Cinikinta ya ragu, ban ɓoye muku ba, kuma ban sani ba ko damina za ta maido shi. Har yanzu dangi na cewa an aiki kawu kashe wuta ya je ya zuba fetur.

Abin da ya rage na Yaya dai ga shi a fili: ɗanɗanon ƙulin, da taurin kan. Da taurin kan da uwar ta ƙi kashe wuta, da shi 'yar ta ƙi hura ta, kuma ba wanda ya isa ya tanƙwara ko ɗaya. Ko na kyauta wa Rabi ko na ɓata mata sana'a, ban sani ba. Allah ya haskaka kabarinki, Yaya, ya sanyaya miki makwanci. In kuwa kina da faɗa a kan abin da na yi, ki ajiye min shi har in zo, ba sauri nake ba.