Firijin da ba ya sanyi

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo, ma'aikatar lafiya ta tuna da ƙauyenmu na ƙasar Roni. Aka gina mana ɗakin shan magani, aka sauke firiji sabo fil daga bayan mota, mata har da guɗa. Ba wanda ya tambayi inda za a jona shi, alhali ko turken lantarki ba mu da shi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da kaka, muna cirar gyaɗa ni da yayana, kububuwa ta sare shi a ƙafa. A wurinmu ba a kama sunanta, sai a ce igiyar ƙasa ta taɓa mutum. Na goya shi a keke, ban tsaya ko'ina ba sai gaban malamin asibiti, wani dattijo mai sanyin magana.

Na ce, "Malam, don Allah a yi masa allurar nan ta kashe dafi."

Ya buɗe firijin. Auduga ce da bandeji a ciki, ya ɓoye su saboda ɓeraye. A can ƙasa ga 'yan kwalabe, ruwan cikinsu ya gurɓace.

Ya ce, "Ita ce wannan. Su can sama sun san muna da firiji, sai suka aiko ta tun bazara. Zafi ya kashe ta. In na yi masa, na cuce ku. Ku nufi Kazaure."

Na yi faɗa, na ɗaga murya, na faɗa wa bawan Allah maganganu, shi da bai ci ba bai sha ba. Ya ɗaure ƙafar, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Mota kuwa sai ranar kasuwa take shigowa. Wani maƙwabcinmu Bafulatani ya ɗaura wa shanunsa amalanke, muka shimfiɗa tabarma muka kwantar da Yaya. Shanu ba su san gaggawa ba. Ina riƙe da kansa a cinyata, jini na tsattsafowa daga dasashinsa, ina gogewa da bakin rigata, yana dawowa. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba.

Wajen la'asar ya buɗe ido, ya ce, "Mun kusa?"

Ko duwatsun Kazaure ba mu fara hangowa ba.

Na ce, "Mun kusa, Yaya."

Bai sake tambaya ba. A hanya ya cika.