Shurbar Malam Ta Tsinke

Sun lalata shurbar, kuma ban yafe ba. Wanda zai ce tsohuwa ta rasa abin faɗa sai a kan kofin miya, ya je ya faɗa. Ni na san abin da kofin nan yake a gidana.

Mat'am ɗin, wato gidan abincin da suke yin ta, yana ƙarshen layinmu a unguwar Jurf, nan ƙasa mai tsarki, tsakanin mai wankin kaya da baƙala, shagon kayan masarufi. Abincin Sin suke sayarwa, ko da yake tun da aka buɗe shi ban taɓa ganin ɗan Sin a ciki ba. Mai dafawar wani dattijo ne ɗan Indunusiya, gajere, mai ɗan gemu fari. Ba wurin zaman kirki, kowa saye yake ya wuce gida da ledarsa.

Jikata ce ta fara shigo mana da abincinsu, 'yar wajen 'yata ta fari, da suke zaune tare da mu. Ranar na raina abin sosai. Taliya ce tana ƙyalli da mai, da kaza da aka zuba wa sukari. Na ce wa ya taɓa sa wa kaza sukari in ba marar aikin yi ba? Shinkafar kuma ta jiya ce aka soya da ƙwai, ɗumame dai aka yi wa sabon suna. Amma ni ba na tauye wa mutum haƙƙinsa. Da zafinsa yake zuwa, robar cike har murfin yana ɗagawa, kazar kuma kaza ce, ba fulawa aka cusa ba. Leda ɗaya sai ta ƙosar da mutum uku. Kuɗinka bai tafi a banza ba.

Daga baya ne ciwo ya kwantar da Malam, maigidana. Mai walda ne, ƙofofin ƙarfe da tagogi ya yi ta ƙerawa a garin nan tun muna da ƙuruciya, mutumin da a tsaye yake cin abinci don sauri. Wata safiya ɓarin jikinsa ya shanye. Ya fito daga mustashfa, asibiti ke nan, da baki a karkace, maganarsa sai wanda ya saba. Abin da ya fi ta da mana hankali haɗiya ce. Ruwa ma in ya kurɓa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya firfito.

Likitar da take duba shi Bahaushiya ce daga Najeriya, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce, "Hajiya, duk abin da zai sha ya zama mai kauri, marar gudaji. In ya ci gaba da ramewa, dole mu zura masa tiyo ta hanci, ta nan za a riƙa ba shi abinci."

Malam yana kwance yana ji. Da muka shiga mota ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Kar ki bari."

To, ban bari ba, amma shi ma bai taimake ni ba. Na dama kunun gyaɗa, na dama na tsamiya, na yi fate, na tuƙa tuwo mai laushi kamar na jinjiri na kaɗa kuka. Sai ya kalli kwanon ya juya fuska bango.

"Ni mai jego ne?"

"Kai ka san ko kai mene ne," na ce. "Buɗe bakin."

Ya ƙi. In na matsa ya karɓi cokali kaɗan ya riƙe a baki kamar magani. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Ni kuma ƙafafuna sun kumbura da tsayuwa a kicin, in dafa in zubar, in dafa in ba maƙwabta.

Wata Alhamis jikar nan tana zaune a ƙasa kusa da kujerarsa da ledarta, tana sha tana latsa waya. Ya nuna robar da haɓa.

"Amarya, me kike ɓoye min?"

Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar duk sa'o'inta. Ta ce, "Shurba ce, ya sidi, ta kaza da masara. Ba ta tsofaffi ba ce."

"Kawo."

Na miƙe zan hana, sai na ga kaurinta. Tana bin cokali a hankali kamar kunu, ga zaren ƙwai a ciki. Ya sha, muka yi tsit muna jiran tari. Shiru. Ya ƙara. Sai da ya ga ƙasan robar, yarinya tana ta ƙorafin ya cinye mata abinci, shi kuma yana dariya da rabin baki.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Kununa ya fi ta komai. Amma da na zauna na duba sai na gane ba ɗanɗano yake bi ba. Wannan a leda take shigowa daga waje, abin da masu lafiya suke saye da kuɗinsu ne. In yana shanta, shi mutum ne da ake cin abinci tare da shi a falo, ba majinyacin da ake ɗura wa kunu a ɗaki ba.

Daga nan kullum bayan La'asar sai in ɗauki abayata in taka zuwa ƙarshen layi. Ni da dattijon nan ba mu da yare ɗaya sai gurgun Larabci, nawa ya ɗan fi nasa. Na kama maƙogwarona na yi masa tari, na nuna masa ɓarin jiki, ya gyaɗa kai. Washegari tun kafin in yi magana ya ware ta Malam a 'yar tukunya daban. Ya ƙara kauri, ya rage gishiri, ya murje masarar da bayan ludayi, kazar kuma ya yayyaga ta kamar zare. Bai taɓa ƙara min ko halala ɗaya, ko sisi, a kan wannan wahalar ba. In ya miƙo sai ya ce, "Baba kaif?" In ce, "Alhamdulillah." Iyakar hirarmu ke nan.

Malam ya mayar da jiki. Kumatunsa suka ciko, likita ta daina zancen tiyo. Ni ma na ɗan huta. Tun ina yarinya nake bakin murhu, ban taɓa sanin daɗin a miƙo maka abinci da zafi ka ce na gode ka tafi ba sai da tsufa. Wani lokaci har in ƙara da soyayyar shinkafa, in kashe gas ɗina in miƙe ƙafa.

Bayan Hajji suka rufe, wai gyara. Muka lallaɓa da ƙyar, yana cin kaɗan yana tambaya ko sun buɗe. Da suka buɗe ban gane wurin ba. Sabon mai shi ya sa fitilu ja, ya sa gilas, ya kawo firij mai haske cike da sushi, ga allo a sama yana ta sauya hotuna. Ni da girmana na shiga ajin manya na koyi karatu, har yau a hankali nake haɗa baƙi, to kafin in kai ƙarshen layi hoton ya wuce. Na tsaya sai da na karance shi tas. Shurbar tana can ƙasa, kuɗinta ya hau. Robar da aka miƙo min kuma ta ƙanƙance.

Tun a hanya na ji tana kaɗawa a leda. Da na buɗe a kicin, ruwa ne tsululu, ƙwayoyin masara suna yawo a sama, gishiri kamar an yi ɓari. Na juye a tukunya, na dama garin nasha, wato sitaci, na zuba, na murje masarar, na mayar cikin robarsu na ɗaure ledar yadda suke ɗaurewa. Ya sha cokali ɗaya ya ajiye.

"Hannunki ne."

"To hannuna guba ne?"

Ya ture robar.

Jikar ta ga gidan ya yi nauyi, sai ta sayo sushin wai don mu ga sabon abu. An jera su a baƙin faranti kamar kayan ado, 'yan dunƙule-dunƙulen shinkafa mai sanyi an naɗe da baƙin ganye. Na ɗaga ɗaya na ga kifin ɗanye ne, ja, ko wuta bai gani ba. Kafin ta fito daga wanke hannu na ɗora kasko na jefa su a mai. Suka wargaje.

Ta saka ihu. "Haram alaiki, ya sitti! Haka ake ci!"

"A gidan wa?"

Ta ceci biyu da ban kai ga jefawa ba, ta rantse masu jambari ne, wato jatan lande, dafaffe, ta tura min ɗaya a baki. Gaskiya ba shi da laifi. Ɗan tsami-tsami, ɗan zaƙi, da wani koren yaji mai hawa hanci ya ɓace kafin ka gama jin haushinsa. Amma farantin gaba ɗaya bai kai cikin yaro ba, kuma abin da ta biya zai sayi kazar da za a ci har dare. Na Malam kuwa babu a ciki. Shinkafar nan mai danƙo a maƙogwaronsa za ta tsaya.

'Yata, da take aiki a saidaliyya, kantin sayar da magani, ta ce, "Mama, ke kaɗai ce ke kushe wurin nan. Duba waya ki ga taurarin da mutane suke ba su."

Na ce, "Taurarin ne za su haɗiye wa ubanki?"

Ranar da abin ya faru na je gaisuwar rasuwa a unguwar Al-Sih. Malam ya matsa wa 'yar tasa sai an kawo masa shurbar kamar yadda take, kar kowa ya taɓa. Ta ba shi. Na dawo na tarar da shi ya yi baƙi, yana jan numfashi da ƙyar, ita tana bubbuga bayansa tana kuka. Ruwan ya bi ta ƙirji. Zazzaɓi ya biyo baya, muka koma mustashfa. Da za a sallame mu likita ta kalle ni ta ce, "Hajiya, zuwa na gaba zan ɗora shi a sikeli. In ya sake sauka, ba ni da sauran uzuri."

Da La'asar ɗin ranar na tafi ƙarshen layi, ba da niyyar saye ba. Wani saurayi ne a bayan kanta, da baƙar hula da baƙar safar hannu. Na ce ya kira min mai dafawa. Ya ce ba mai dafawa, ya khala, komai daga babban kicin ɗinsu yake zuwa a ƙulle cikin leda, su ɗumamawa kawai suke yi. Na ce to a ƙara kauri. Ya ce ba a ba su izini ba. Na ce ina dattijon? Ya ɗaga kafaɗa. Na faɗa masa mutum yana gida yana ramewa saboda ruwan gishirin da suke sayarwa da sunan shurba. Ya ce ma'alesh, in yi haƙuri, kuma wai in karɓi farantin sushi kyauta. Na ce ya kai wa mai gidansa. Ba shi ya kashe wurin ba, na sani, amma shi ne a gabana.

Na fito ina zagi da Hausa. Masu kai saƙon abinci suna zaune a inuwar baƙala suna jiran kira, sai wani magidanci a cikinsu ya kwashe da dariya.

"Hajiya, a yi haƙuri, kar ki ƙone mana wurin cin abinci."

Daga harshensa na ji mutumin Cadi ne. Na ce, "Ka daɗe a nan?"

"Tun zamanin tsohon. Ke ce mai shurbar Baba, ai na gane ki."

"Ina ya tafi?"

"Sallamarsa suka yi. Kwanaki na hango shi wajen Uhudu, bayan rumfunan masu dabino, yana suyar ƙwai da hanta a wata 'yar bufiya, ɗan shagon abinci. Sunan wurin dai ban riƙe ba. Kuma ban ce miki har yanzu yana nan ba."

Da na faɗa a gida 'yata ta ce wahalar banza ce. Ta ce bufiyoyin wajen sun fi a ƙirga, ga cunkoson masu ziyara, ga gwiwoyina. Ta ce ko na gan shi, wurin wani yake aiki, mai wurin ba zai bar shi ya ɗora tukunya don mutum ɗaya ba. Duk gaskiya ta faɗa. Na tashi a gajiye na shiga kicin. Na dama wa Malam kunu, ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, ya kau da kai. Na ga yadda agogonsa yake zamewa har tsakiyar hannu.

Da gari ya waye na wanke ƙaramar kula na shanya. Na sa gwangwanin masara da ƙirjin kaza da ƙwai da garin nasha a jaka, don kar wani ya ce min babu kayan haɗi. Na gaya wa 'yata lokacin maganinsa. Malam yana kallona ina ɗaura niƙabi.

"Ina zuwa?"

"Sayo maka abinci."

Na sauka a hankali ina dafa bango, na tsaya bakin titi har wata tasi ta tsaya. Na ce wa direban, "Uhudu, wajen masu dabino."